Birki da Taya: Abin da Ke Tsayar da Mota Mai Ƙarfin Gudu a Hanyar Guéné

1.0 Gabatarwa

Guéné gari ne a arewacin Jamhuriyar Benin, cikin jihar Alibori, kudu kaɗan da Malanville. Babbar hanyar da ta taso daga Kwatano ta ratsa Parakou da Kandi, ta bi ta tsakiyarsa, sannan ta dangana da gadar da ta haɗa Malanville da Gaya ta ƙasar Nijar. Tsawon hanyar ya haura kilomita 700. Shekaru da dama ta nan ake korar motocin da aka sauke a tashar jiragen ruwa ta Kwatano zuwa Nijar da arewacin Najeriya, har Hausawa suka riƙa kiran motar da aka yi amfani da ita a Turai “’yar Kwatano”. An rufe gadar bayan juyin mulkin da aka yi a Nijar a watan Yulin 2023, abin da ya rage zirga-zirga sosai, amma motocin da suka riga suka shigo ta wannan hanya suna nan birjik a garuruwan Hausa.

Daga cikinsu akwai masu ƙarfin gudu, irin su Marsandi da BMW, waɗanda aka ƙera domin titunan Jamus. Mai irin wannan mota yakan so ya ƙara mata ƙarfin birki. Wannan maƙala za ta nuna cewa aikin birki shi ne tsayar da wili, amma taya ce ke tsayar da mota, don haka gyaran da bai fara daga taya ba asarar kuɗi ne, wani lokaci ma har da ta rai.

2.0 Yadda Birki Ke Aiki

Kalmomin birki da taya da wili duk aro ne daga Ingilishi. Sauran sassan kuwa akan siffanta su ne: faifan birki, da takalmin birki, da man birki. Idan direba ya taka birki, mai ne ke ɗaukar ƙarfin ƙafarsa ta cikin siraran bututu zuwa ƙafafun motar huɗu. A can sai takalma biyu su matse faifan da ke juyawa tare da wili. Gogayyar da ke tsakaninsu ita ke mayar da gudun mota ya zama zafi. Ke nan birki na’ura ce ta sauya gudu zuwa zafi, kuma ingancinsa ya dogara ne ga yadda yake jure zafin da kuma yadda yake fitar da shi. Ƙafafun gaba su ke ɗaukar kaso mafi yawa na wannan aiki, saboda nauyin mota yakan rinjaya gaba a lokacin tsayawa.

Birki mai faifai ya yi suna ne a fagen tsere. A 1953 motar Jaguar ta lashe tseren awa 24 na Le Mans a Faransa da irin wannan birki, ƙirar kamfanin Dunlop. A 1978 kuma kamfanonin Bosch da Marsandi suka fito da na’urar ABS, wadda ke hana wili cijewa ta hanyar kamawa da saki sau da yawa cikin daƙiƙa ɗaya, domin direba ya iya juya sitiyari alhali yana kan taka birki.

Zafi yana raunana birki ta fuska biyu. Ta farko, takalmin da ya yi zafi fiye da kima yakan daina kama faifai da kyau. Ta biyu, man birki yana zuƙar danshin iska sannu a hankali, ruwan da ya shige shi kuma yana sa ya tafasa da wuri. Sabon mai mai lambar DOT 3 ba ya tafasa sai ya kai digiri 205 a ma’aunin Salshiyas, amma idan ya sha ruwa yana iya tafasa a 140. Mai lambar DOT 4 kuwa 230 ne yana sabo, 155 idan ya sha ruwa. Da zarar mai ya tafasa sai kumfa ya cika bututu, direba ya taka birki ya ji ya tafi ƙasa salin-alin, motar kuwa ba ta tsaya ba. Shi ya sa kamfanoni da yawa ke ba da shawarar a sauya man duk bayan shekara biyu. Motar da ta daɗe a ajiye cikin laimar bakin teku a Kwatano ta fi kowace bukatar haka kafin ta kama hanyar arewa.

3.0 Matsayin Taya

Wurin da kowace taya ke taɓa ƙasa bai wuce faɗin tafin hannu ba sosai. Ta waɗannan wurare huɗu kaɗai duk ƙarfin birki ke isa ga kwalta. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana shafe kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Bisa lissafi, a kan busasshiyar kwalta da taya mai kyau tana bukatar kimanin mita 50 kafin ta tsaya bayan birki ya kama. Idan riƙon taya ya ragu da rabi, saboda ruwa ko yashi ko suɗewa, tazarar takan koma kusan mita 100. Haka kuma tazarar ba ta ƙaruwa daidai da gudu, ninkawa take yi: mai gudun 140 yana bukatar kusan ninki biyu na abin da mai gudun 100 ke bukata. A gari irin Guéné, inda hanya ke raba gidaje biyu, ga babura, ga amalanke, ga shanu suna tsallakawa, wannan bambanci na mita 50 ba ƙaramin abu ba ne.

Daga nan za a fahimci kuskuren mai sayen babban faifai ya bar tsohuwar taya. In dai birkin da motar ta zo da shi yana iya sa wili ya cije, ko ya tayar da ABS, to ƙarfinsa ya riga ya wuce abin da tayar za ta iya ɗauka. Babban faifai ba zai rage tazarar tsayawa ta farko ba. Amfaninsa shi ne jure zafi idan ana ta taka birki a kai a kai, kamar a filin tsere ko a doguwar gangara.

3.1 Karanta Rubutun Jikin Taya

A gefen kowace taya akwai rubutu kamar haka: 205/55 R16 91V. Lamba 205 faɗin tayar ne da milimita. Lamba 55 tana nufin tsayin gefenta kashi 55 cikin 100 ne na faɗin. Harafin R yana nuna irin saƙar da kamfanin Michelin ya yi wa rajista a 1946, wadda yanzu ta game duniya. Lamba 16 faɗin wili ne da inci. Lamba 91 tana nufin tayar za ta ɗauki kilo 615. Harafin ƙarshe kuma iyakar gudunta ne: T kilomita 190 a awa, H 210, V 240, W 270, Y 300.

Akwai kuma lambobi huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT, waɗanda ke faɗin ranar ƙira. Misali, 2319 yana nufin mako na 23 na shekarar 2019. Wannan lamba tana da muhimmanci ga mai sayen tayar gwanjo, domin roba tana bushewa ta tsattsage ko da zanenta bai suɗe ba. Michelin na ba da shawarar a riƙa duba taya kowace shekara idan ta kai shekara biyar ana aiki da ita, a kuma cire ta idan ta kai goma daga ranar ƙira. A ƙasashen Turai doka ta hana hawa tayar da zurfin zanenta bai kai milimita 1.6 ba, kuma tayoyi da dama da aka cire a can su ne ke ƙarewa a kasuwannin Afirka ta Yamma. Wasunsu ma na hunturu ne, masu alamar dutse da ƙanƙara a gefe. Robarsu mai taushi ce domin sanyi, saboda haka tana saurin cinyewa a ƙasa mai zafi, kuma ba ta tsayar da mota da wuri a kan kwalta mai ƙuna.

4.0 Zafi da Ramuka

Yankin Malanville yana cikin wurare mafi zafi a Benin. Tsakanin Maris da Mayu zafin rana yakan wuce digiri 40, kwalta kuwa ta fi haka nesa ba kusa ba. Wasu direbobi kan sa mai faci ya rage wa taya iska a wannan lokaci, wai don kada ta fashe. Akasin haka ne ke faruwa. Tayar da ba ta da isasshiyar iska tana yawan lanƙwashewa yayin juyawa, lanƙwasar tana haifar da zafi, zafin kuma shi ke ɓalle roba daga wayoyin ciki har ta fashe. Daidai shi ne a auna iska da safe kafin mota ta yi tafiya, a kuma bi adadin da kamfani ya rubuta a jikin ƙofar direba.

Samari masu motocin gudu suna sha’awar babban wili da siririyar taya mai gajeren gefe, don ta fi kyan gani kuma ta fi riƙe kwana. Sai dai gefen taya shi ne matashin da ke tsakanin wili da rami. Idan ya gajarce, rami ɗaya ya isa ya tayar wa taya ƙullutu ko ya lanƙwasa wili. Abin da ya dace da titin Jamus ba lallai ne ya dace da hanyar da manyan motoci suka daɗe suna taka ba.

5.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, tsarin gyara ya fito fili. Da farko a sa tayoyi huɗu masu inganci, iri ɗaya, waɗanda lambar nauyinsu da harafin gudunsu ba su gaza abin da kamfanin motar ya ƙayyade ba. Idan kuɗi bai kai na huɗu ba, masu ƙera taya sun ce a sa sababbin biyun a baya, domin kada bayan mota ya zame a kan jiƙaƙƙiyar hanya. Na biyu a sauya man birki. Na uku a sa takalma masu kyau na hawan yau da kullum, ba na tsere ba, domin na tsere ba sa kamawa sosai sai sun yi zafi. Babban faifai shi ne na ƙarshe, kuma mafi yawan masu bin hanyar Guéné ba za su taɓa bukatarsa ba. Bayan duk wannan, abin da ya rage yana ƙarƙashin ƙafar direba, domin babu tayar da za ta soke lissafin gudu. Hausawa dai sun ce tafiya sannu-sannu kwana nesa.