Izinin Fitar da Makamai Tsakanin Ƙasashe: Nazari Daga Yerwa

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda takardar izini da ake sa wa hannu a wata ƙasa mai nisa kan sauya akalar yaƙi a ƙasar Borno. Bindiga dai baƙuwa ce a nan tun asali. Kalmar "bindiga" kanta daga Larabci aka aro ta, kuma tun ƙarni na 16 Mai Idris Alauma ya yi amfani da 'yan bindiga Turkawa. Takunkumi ya biyo baya da Yarjejeniyar Burasel ta 1890, wadda ta taƙaita shigar da bindigogin zamani cikin mafi yawan Afirka, a daidai lokacin da Turawa ke shirin mamaye ta.

2.0 Yadda Izinin Ke Aiki

Kamfani ba ya sayar wa wata ƙasa makami sai da lasisin gwamnatinsa. Mai saye kuma sai ya gabatar da takardar shaida cewa shi ne zai yi amfani da kayan, ba zai miƙa wa wani ba. A Nijeriya ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara Kan Tsaro ke bayar da ita. Abin lura shi ne, ikon mai ƙira ba ya ƙarewa da karɓar kuɗi.

Rikicin Boko Haram da ya ɓarke a Maiduguri a 2009 ya fito da wannan fili. A 2014 Nijeriya ta nemi sayen jirage masu saukar ungulu samfurin Cobra daga Isra'ila, Amurka ta ƙi amincewa. Ƙirarta ce, don haka maganarta ce ta ƙarshe. Hujjarta ta haɗa da zargin sojoji da take haƙƙin farar hula, ga kuma Dokar Leahy ta 1997 da ta hana tallafa wa rundunar da ake wa irin wannan zargi.

A ganinmu hujjar ba ta banza ba ce, domin a Janairun 2017 jirgin sojin sama ya jefa bam bisa kuskure kan sansanin 'yan gudun hijira a Rann, wanda ya ƙara jinkirta cinikin jiragen Super Tucano 12. Sai dai jinkirin ma a kan talaka ya faɗa. An amince da cinikin a Agustan 2017, amma shidan farko ba su iso ba sai Yulin 2021.