Jiragen Leƙen Asiri Marasa Matuƙi: Tsadar Gwaji Da Rabon 'Yan Kasuwa

ABUJA - Duk wanda ya bi hanyar filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe zai wuce ta unguwar Lugbe, inda Cibiyar Sararin Samaniya ta Obasanjo take. A nan ne hedkwatar Hukumar Bincike da Bunƙasa Harkokin Sararin Samaniya ta Ƙasa, wato NASRDA, wadda aka kafa a cikin 1999. Hukumar ce ta mallaki tauraron ɗan Adam na farko na ƙasar nan, NigeriaSat-1, wanda aka harba daga Rasha a watan Satumba na 2003, da kuma NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X da suka biyo baya a watan Agusta na 2011.

Sai dai kuma tauraron ɗan Adam irin wannan yana shawagi ne kimanin kilomita 700 daga doron ƙasa, ya ɗauki hoto ya wuce, ba zai sake biyowa ta wurin ba sai bayan kwanaki. Sojan da ke son sanin abin da ke gudana a cikin daji yanzu-yanzu yana bukatar idon da zai tsaya a kan wuri guda na sa'o'i masu yawa. Wannan shi ne aikin jirgin sama maras matuƙi, kuma tarihin yadda aka fara ƙera shi yana da darasi ga duk mai niyyar zuba jari a wannan fanni.

Abin da ya sa Amurka ta duƙufa ga wannan aiki shi ne harbo jirginta na leƙen asiri samfurin U-2 da Tarayyar Sobiyet ta yi ran 1 ga watan Mayu, 1960, aka kuma kama matuƙinsa, Francis Gary Powers, da ransa. Abin kunyar da ya biyo baya ya sa hukumomin ƙasar suka nemi jirgin da in an harbo shi ba za a sami wanda za a gurfanar a gaban kotu ba.

Kamfanin Ryan na birnin San Diego ya ɗauki hanya mai araha. Dama yana ƙera wani ɗan ƙaramin jirgi mai suna Firebee wanda sojoji ke koyon harbi a kansa, sai ya ƙara masa tsawon fuka-fuki da mai da na'urar ɗaukar hoto. Kwangilar farko a cikin 1962 ba ta wuce dala miliyan ɗaya da 'yan kai ba. Babban jirgi samfurin DC-130 ne ke ɗaukarsa a ƙarƙashin fiffike ya sake shi a sama, in ya gama aiki ya sauko da laima, daga baya ma aka koma cafke shi da jirgi mai saukar ungulu tun bai taɓa ƙasa ba. Ya fara aiki a kan kudancin ƙasar Sin a watan Agusta na 1964, kuma ya zuwa 1975 shi da ire-irensa sun yi tafiya sama da 3,400, akasarinsu a yaƙin Biyetnam, aka kuma yi asarar fiye da 500 daga cikinsu. Kowace asara ta koya wa injiniyoyi abin da za su gyara, har aka kai ga samfurin da ke hawa sama da ƙafa 60,000.

Waɗanda aka ƙera tun daga tushe da kuɗi masu ɗimbin yawa kuwa, kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba. Jirgin D-21 na kamfanin Lockheed, mai gudun da ya ninka na sauti sau uku a tsayin kimanin ƙafa 90,000, ya yi karo da jirgin da ke ɗauke da shi a wajen gwaji ran 30 ga watan Yuli, 1966, jami'i guda ya rasa ransa. Sau huɗu aka aika shi ƙasar Sin tsakanin 1969 da 1971, ko sau ɗaya bai dawo da hoto hannun masu shi ba, sai aka soke shirin. Haka kuma jirgin Compass Arrow na kamfanin Ryan, wanda aka yi musamman don leƙen wurin gwajin makaman nukiliya na Sin a Lop Nur, asirinsa ya tonu a watan Agusta na 1969 lokacin da ɗaya ya sauko da laima a garin Los Alamos ana cikin gwaji. Kafin a gama shirya shi, Shugaba Nixon ya fara sasantawa da Sin, don haka aka jibge jiragen a ma'aji ba tare da sun yi aikin ko da rana guda ba.

Hausawa na cewa sai an gwada akan san na ƙwarai. A wannan sana'a, gwajin shi ne ke cin kuɗi, kuma wanda ya fi cin riba shi ne wanda ya fara da abin da ke hannunsa, ya sami mai saye da ke maimaita oda shekara da shekaru. Injiniyoyin Ryan ɗin nan ne suka ƙera Global Hawk wanda ya fara tashi a watan Fabrairu na 1998, shekaru 36 bayan kwangilarsu ta farko.

A nan gida, Nijeriya ta fara ne da saye. A cikin 2006 gwamnati ta ƙulla cinikin jirage samfurin Aerostar daga wani kamfani na Isra'ila. Da aka sace 'yan mata 276 daga makarantar Cibok a watan Afrilu na 2014, kamfanin dillancin labarai na Reuters ya ba da rahoton cewa jiragen suna kwance saboda rashin kulawa da kayayyakin gyara. Amurka ce ta tura sojoji kimanin 80 zuwa Cadi da nata jirgin don taimakawa wajen neman yaran.

A ɗaya ɓangaren kuma, Cibiyar Fasaha ta Rundunar Mayaƙan Sama da ke Kaduna ta bi hanyar koyo. Jami'anta da suka yi karatu tare da haɗin gwiwar Jami'ar Cranfield ta Ingila sun fara da ƙananan jiragen gwaji da suka laƙaba wa suna Amebo. A watan Disamba na 2013 Shugaba Goodluck Jonathan ya ƙaddamar da Gulma, sa'an nan ran 15 ga watan Fabrairu, 2018, Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da Tsaigumi, wanda aka ƙera tare da kamfanin UAVision na ƙasar Fotugal. Bisa bayanin rundunar, Tsaigumi na iya hawa ƙafa 15,000, ya yi nisan kilomita 100 daga tasharsa, ya kuma yi fiye da sa'o'i goma a sama. Wannan tsayi bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu na wanda jiragen Amurka suka kai tun kafin 1970 ba. Amma kuma ɓarayin shanu da masu fasa bututun mai ba su da makaman kakkaɓo jirage irin na Sobiyet, saboda haka bukatar ƙasar nan ta fi karkata ga jirage masu yawa, masu araha, waɗanda za a iya gyarawa a gida.

A nan ne rabon 'yan kasuwa yake. Jirgi maras matuƙi na bukatar batura, da injuna, da na'urorin sadarwa, da gangar jiki ta roba mai ƙarfi, da makanikai, da kuma masu fassara hotunan da ya ɗauko, kuma duk abin da aka shigo da shi daga waje ana biyansa ne da kuɗin musaya. Dokar Kamfanin Ƙera Kayan Tsaro na Ƙasa, wato DICON, da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a cikin 2023 ta buɗe ƙofar haɗin gwiwa da kamfanoni masu zaman kansu. Bugu da ƙari, jirgin da ke leƙen daji shi ne kuma ke iya auna gonaki, ya duba layukan wutar lantarki, ya gano iyakar ambaliya, abin da ke nufin kasuwar ba ta tsaya ga soja kaɗai ba. Hotunan da ƙwararrun Lugbe ke sarrafawa daga taurari za su daɗa amfani in an haɗa su da waɗanda aka ɗauko daga kusa.

Ko shakka babu, ba wani attajiri da zai kafa masana'anta saboda jirgi guda da aka nuna a ranar biki. Abin da mai jari ko banki zai fara tambaya shi ne yawan jiragen da gwamnati za ta riƙa saye a kowace shekara, da wanda zai ɗauki asarar waɗanda suka faɗi a wajen gwaji, da kuma tsawon lokacin da za a ɗauka kafin a biya ɗan kwangila. Muddin kasafin kuɗin tsaro bai amsa waɗannan tambayoyi a rubuce ba, kuɗin da ya kamata su tsaya a Kaduna da Abuja za su ci gaba da tafiya hannun kamfanonin ƙasashen waje.