Taurari Masu Hajijiya: Abin Mamaki a Taƙaice

Jama'a, yau sama muka nufa, wajen taurarin da ke juyi har suna watsar da kayan jikinsu. A gyara zama.

Rana tana cin kwana 25 kafin ta juya sau ɗaya, gudun ƙugunta kilomita 2 ne kacal a daƙiƙa. Achernar kuwa, wani tauraro mai haske a kudancin sama, ƙugunsa na zabga kilomita 250 ko fiye a daƙiƙa guda. Ashe Rana tafiyar kasaita take yi.

Tsabar juyi ya sa Achernar ya baje, faɗinsa ta ƙugu ya zarce tsayinsa da kusan kashi 35 cikin ɗari. Tumbi ne, amma ba na tuwo ba.

Bajewar ta jawo wata rigima: kan irin wannan tauraro ya fi ƙugunsa zafi da haske. Kai na tafasa, ƙugu na shan iska, in dai zafin digiri dubbai ana kiransa shan iska.

Daga ƙugun nan ne iskar gas ke tserewa ta taru ta zama faifai mai zagaya tauraron, irin waɗannan taurari ne masana ke kira taurarin Be. Yawancin faifan da ke sararin samaniya abinci suke kai wa na tsakiya, wannan kuwa daga jikin mai gida ya fito. Kowa na tarawa, shi yana rabawa.

To ga inda gizo ke saƙa: yawancin faifan nan sun yi nisan da ba a iya ɗaukar hotonsu. Sai a tsefe hasken tauraron da na'ura, ya rabu launi-launi irin na bakan gizo, a karanta layukan da ke ciki. Ba a ga ɓarawo ba, amma ga sawunsa raɗau.

Tauraro na yau da kullum baƙaƙen layuka yake nunawa. Mai faifai kuwa, gas ɗin haidurojin da ke kewaye da shi yana shan hasken yana amayarwa, sai layin ya fito yana ƙyalli, musamman wani jan layi mai tsawon zango nanomita 656. Jan layin nan ba ya rufa wa kowa asiri.

Wani malamin coci a birnin Rum ne ya fara cin karo da abin a 1866, yana duban tauraron Gamma Cassiopeiae: inda ya sa ran baƙin layi, sai ga mai haske. Da ƙwayar ido fa, babu kwamfuta.

Kun san yadda jiniyar motar asibiti ke siranta in tana tahowa, ta yi kauri in ta wuce? Haka haske yake: gefen faifan da ke nufo mu yana karkata zuwa shuɗi, wanda ke gudunmu zuwa ja, sai layi ɗaya ya fito da ƙaho biyu. Daga tazarar ƙahonin ake lissafa gudun gas ɗin.

In ta saman kai muke kallon tauraron, ƙaho ɗaya ne tal. In ta gefe ne sosai, faifan kan tare hasken ya tsaga layin da siririn duhu a tsakiya. Mazaunin ɗan kallo ke yanke hukunci.

Ƙahonin ma ba sa zama lafiya: bana na shuɗi ya fi tsawo, bayan 'yan shekaru na ja ya karɓe, domin gas ya cunkushe a gefe ɗaya yana zagayawa a hankali. Tauraron Zeta Tauri ya yi suna a wannan. Mulkin karɓa-karɓa har a sama.

Kaza da 'ya'yanta da kuke gani da dare, huɗu daga cikin masu haskenta 'yan wannan gida ne: Alcyone, Electra, Merope da Pleione. Pleione ne ɗan rigimar, ya ɗaura faifai, ya zubar, ya sake sabo, kusan duk shekara 35. Kaza na fama.

Tauraron Delta Scorpii ya daɗe shiru a goshin taurarin Kunama, sai a shekarar 2000 ya ƙara haske har ido ya gane, daidai lokacin da abokin zagayensa ya matso kusa. Baƙo ya zo, an yi ado.

Wasu kuma abokin nasu ragowar mataccen tauraro ne mai nauyin tsiya, wanda kan wuce kusa da faifan ya yagi rabonsa, sai hasken eksire ya ɓarke. Wucewa kawai zai yi, in ji shi.

Manyan na'urorin hangen nesa ba su da lokacin zaman gadin tauraro ɗaya shekara da shekaru. Shi ya sa 'yan sha'awa masu ƙananan na'urori a bayan gida ke tsefe hasken suna aika wa masana. Aikin dare, ba albashi, ga sauro.