Zanen Kan Dutse: A Je a Gani, Amma Kada a Jiƙa

Hawan dutse ya zama yayi a Abuja. Ranar Asabar da sassafe za ka ga matasa daga unguwanni irin su Kuchigoro da Lugbe da Kubwa sun rataya gorar ruwa sun nufi duwatsun da suka yi wa birnin ƙawanya, kafin rana ta take hotunansu sun cika Instagram. Sai dai ƙalilan ne a cikinsu suka san cewa a Arewacin ƙasar nan akwai duwatsun da mutanen dā suka yi wa zane, tun zamanin da babu wanda ya rubuta labarinsa. Ra'ayina shi ne waɗannan masu yawo da waya a hannu su ne za su iya ceton zanen, su ne kuma za su iya ƙarasa shi, kuma abin da ya raba biyun bai wuce sanin yadda ake tsayawa a gabansa ba.

A Birnin Kudu ta Jihar Jigawa akwai Dutsen Habude da Dutsen Mesa da Dutsen Murufu, inda aka zana shanu da jan launi a ƙarƙashin rumfunan dutse. Bernard Fagg, Baturen da ya yi fice a binciken kayan Nok, ya yi rubutu a kansu a shekarun 1950, tare da duwatsun da ke kusa waɗanda ke amo kamar ƙararrawa idan aka buga su. Wanda ya saba da shanu, da ya ƙura wa zanen ido zai ga abin mamaki: shanun ba su da tozo. Bunaji da rahaji da Fulani ke kiwo a yau duk masu tozo ne, marasa tozon da suka rage sai irin su kuri na bakin Tafkin Chadi da muturu na kudu. Ke nan dutsen yana ba da shaidar irin dabbar da ake kiwo a ƙasar Hausa kafin wadda muka sani, shaidar da ba ta cikin kowane kundi. Akwai irin wannan zane a Geji da Shira a Jihar Bauchi.

Idan aka nausa arewa, abin ya fi girma. A Dabous, arewa da Agadas, an sassaƙa raƙuman dawa biyu a jikin dutse, babban ya haura mita 5, a wurin da yau ko akuya sai ta sha wahala kafin ta ƙoshi. A kwazazzaban Tassili n'Ajjer na Aljeriya, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren gadon duniya a 1982, zane ya haura 15,000, har da dorina da giwa da makiyaya, alamar cewa Sahara ta taɓa zama ƙasar ruwa da ciyawa. A can ne kuma aka yi ɓarnar da ta zama darasi. Ayarin Bafaranshe Henri Lhote, a 1956 da 1957, sun riƙa goga jiƙaƙƙen soso a kan zanen domin launinsa ya fito su kwafa. Launin ya fito na ɗan lokaci, daga baya ya dusashe. Ruwa yana narkar da gishirin da ke cikin dutse, idan ya bushe sai gishirin ya taso ya ɓamɓare fentin. Waɗannan fa masana ne masu ƙaunar abin, balle yaron da zai tuttula ruwan leda don hotonsa ya yi kyau.

Wani zai ce, to ai gara a ɓoye wuraren a hana kowa zuwa. Maganarsa tana da tushe: Faransa ta rufe kogon Lascaux a 1963 saboda numfashin baƙi kaɗai ya fara lalata zanen, kuma a 2009 wani ya fesa fenti a kan zanen Tadrart Acacus a Libiya. Amma Lascaux rufaffen kogo ne mai ƙofa da ma'aikata da kuɗin kula da shi. Namu a fili suke, kuma abin da ke yi musu barazana ya fi tsegumin baƙo ƙarfi: hayaƙin wutar da ake hurawa a gindin dutse, sunayen da ake rubutawa da gawayi, da uwa-uba masu fasa dutse. Duk wanda ya ga yadda nakiya ta cinye duwatsun Mpape don gina Abuja ya san ba a tambayar dutse abin da ke jikinsa kafin a mayar da shi tsakuwa. Dutsen da jama'a ba su san darajarsa ba, ranar da tifa ta iso babu mai ɗaga murya. Shi ya sa a Dabous aka ɗauki masu gadi daga cikin Buzayen yankin, su ne ke karɓar baƙi.

Akwai kuma masu ganin ziyarar ta saɓa wa addini, tunda aikin mutanen jahiliyya ne. Kallo don ɗaukar darasi daban, girmamawa irin ta bauta daban, kuma malamai sun fi kowa sanin ayoyin da ke kira a yi tafiya a bayan ƙasa a ga yadda na baya suka ƙare. Batun tsaro ne ba shi da musu: hanyar Azbin, inda Dabous take, a yanzu ba ta ɗan yawon buɗe ido ba ce. Birnin Kudu kuwa tana nan kusa, kuma hukumar gidajen tarihi ta ƙasa tana da cibiya a garin.

Hoto mai kyau ba ya buƙatar ruwa ko alli. Sassaƙa tana fitowa da kanta idan hasken hantsi ko na la'asar ya bugi dutse a kaikaice, zanen fenti kuma ya fi fitowa a inuwa, ga manhaja irin DStretch da ke fito da launin da ido ba ya gani. A ajiye ma'auni a ƙasa kusa da zanen don a san girmansa, a ɗauki dutsen gaba ɗaya da abin da ke kewaye da shi, a kuma kashe alamar wuri a waya kafin a wallafa hoton wurin da ba shi da mai gadi. Shugabannin ƙungiyoyin hawan dutse na Abuja, ku sa Birnin Kudu cikin jadawalinku na rani, ku nemi ɗan jagora daga cikin garin ku biya shi haƙƙinsa, ku kuma gaya wa mutanenku tun a mota cewa ba a taɓa zanen da hannu.