Tace Fim: Sauti Kafin Launi

Tun daga fim ɗin Turmin Danya na 1990, abin da ya fi raunana finafinanmu shi ne tacewa, musamman ta sauti. A ce matashi ya ɗauki fitowa a Tashar Jirgin Ƙasa ta Kano: ga jiniyar jirgi, ga hayaniyar Sabon Gari, ga babura daga Fagge. Idan mai tacewa ya yanka hoto da sauti a wuri guda, kunne zai ji gaɓar. Dabarar ita ce a naɗi hayaniyar tashar daban, a shimfiɗa ta ƙarƙashin fitowar baki ɗaya, a kuma bar muryar mai magana ta riga fuskarsa bayyana.

Wasu za su ce wannan aiki sai da manhajar Adobe Premiere Pro, wadda ake biya wa kuɗi duk wata. Amma DaVinci Resolve tana da nau'in kyauta mai gyaran sauti da launi. Gaskiya ne tana wahalar da ƙaramar kwamfuta. Maganin haka a yi aiki da kwafin bidiyon marar nauyi, a mayar da na asali lokacin fitarwa. Masu tasowa, ku fara koyon gyaran sauti.