3.3 Al'adun Sin na Zamani da Sawunsu a Ɗakin Amarya a Gwandu da Kalgo

A sashen da ya gabata an yi bayanin kayan ɗaki na gargajiya da iyaye kan tanadar wa ɗiyarsu kafin a kai ta gidan miji. A nan kuma za a dubi wata baƙuwar al'umma wadda kayanta suka cika ɗakin amaryar yau, wato mutanen ƙasar Sin, waɗanda talakawan Gwandu da Kalgo suka fi sani da 'yan Caina. Abin da ake son fitowa da shi shi ne, kayan Sin ba su rushe al'adar jere ba. Abin da suka sauya shi ne hannun da ke yin kayan da ake jerawa, da kuma aljihun da kuɗin ke shiga.

Sunan Sin ba baƙo ba ne a garin malamai irin Gwandu, mazaunin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo. Almajirai sun daɗe suna jin sa a cikin maganar nan mai kwaɗaitarwa ga neman ilmi komai nisan wuri, duk da cewa malaman hadisi sun yi magana a kan ingancinta. A wancan zamani, in an ce Sin, ana nufin bangon duniya ne kawai. Yau kuwa ga ta a cikin kabad ɗin kowace amarya.

3.3.1 Yadda Sinawa Suka Haɗa Tsoho da Sabo

Kafin a fahimci kayan, ya kamata a ɗan san masu su. An kafa Jamhuriyar Jama'ar Sin a shekarar 1949. Daga 1966 zuwa 1976 ƙasar ta shiga abin da aka kira juyin juya halin al'adu, inda matasa suka yi ta farfasa wuraren ibada da kayan tarihi da sunan kawar da tsofaffin ɗabi'u. A shekarar 1978 Deng Xiaoping ya buɗe ƙofar ƙasar ga cinikin duniya, a 2001 kuma ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya. Daga nan abin da aka so binnewa ya sake tsirowa, amma da sabuwar riga. Alal misali, al'adarsu ce a sa kuɗi cikin jar ambulan a bai wa yara a bukin sabuwar shekara. A 2014 manhajar WeChat ta mayar da wannan ambulan cikin wayar salula, al'adar kuwa ba ta mutu ba, sai ma ƙara yaɗuwa da ta yi. A 2024 hukumar UNESCO ta sa bukin sabuwar shekarar tasu cikin jerin al'adun da duniya ta gada.

Misalin da ya fi dacewa da wannan nazari shi ne na tangaran. Garin Jingdezhen ya fi shekara dubu yana gina tangaran, kuma tun a ƙarni na 16 maginansa ke yin wasu kwanuka masu rubutun Larabci a jiki. Wannan ya nuna cewa tun asali Basine yakan riƙe sana'ar kakanninsa, amma ya tambayi mai saye irin adon da yake so. Na'ura ta zo daga baya ne ta ƙara wa wannan hali sauri da araha.

3.3.2 Daga Ƙwarya Zuwa Kwano

A da, jeren amarya a ƙasar Gwandu ƙorai ne masu zane, da akusa, da faya-fayai, da tukwanen ƙasa. 'Ya'yan sarauta da na attajirai su ake ƙara wa tasoshi. Kusan duk waɗannan kaya ana samun su ne a hannun maƙwabta: manomi ya shuka duma, mai gyaran ƙwarya ya fafe ya yi zane, masassaƙi ya sassaƙa akushi, mata su ɗinka faifai. Idan ƙwarya ta fashe ba a yar da ita, sai a jira gyartai.

Kwanukan ƙarfe masu fenti, irin su fanteka da langa da samira da kwalla, sun fara shigowa ne daga Turai a zamanin mulkin mallaka. Amma waɗanda suka sa su zama kayan kowa Sinawa ne. Bayan 1949 wasu masu masana'antu na birnin Shanghai sun koma Hong Kong, suka ci gaba da ƙera irin waɗannan kwanuka, Afirka ta Yamma kuma ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwanninsu. Da Nijeriya ta tsananta haraji a kan kayan waje wajajen samun 'yancin kai, sai suka ɗauko injinansu suka kafa masana'antu a cikin ƙasar, musamman a Legas da Kano. Daga Kano kwanukan suka bi fatake zuwa Sakkwato da Jega da Birnin Kabi, har suka isa ƙauyuka.

Akwai wani abin lura a nan. A ƙasar Sin ɗin kanta, daga shekarun 1950 zuwa na 1980, kwanon fenti mai jajayen furanni kayan aure ne. Akan sa masa wata alama ta rubutunsu mai nufin farin ciki ninki biyu, a bai wa amarya ta tafi da shi. Ke nan abin da uwa Basiniya ta saya wa ɗiyarta, kusan irinsa ne uwa Bahaushiya ta jera wa tata a Kalgo, ba tare da ɗayarsu ta san da ɗaya ba. Sai dai kwanon ne ya yi tafiya, ma'anar ta tsaya a gida. Ja a wurin Basine launin sa'a ne. A wurin matan Gwandu kuwa launi ne mai ɗaukar ido idan an ɗaga labule, shi ke nan. Abin da 'yan ganin ɗaki ke dubawa shi ne yawan kwanukan, da yadda aka jera su daga babba zuwa ƙarami, domin a nan ake auna ƙoƙarin uwa da ƙarfin danginta. Haka kuma kwano dukiya ne a ajiye, wanda mace kan iya sayarwa ranar da ta shiga matsi. Wannan aiki na biyu shi ne wanda tangaran da kuloli da kayan roba da suka biyo baya ba su iya yi sosai, domin ɗaya fashewa yake yi, ɗaya kuma da an saye shi darajarsa ta faɗi.

Labarin tufafi ya ɗan fi wannan ɗaci. Ita atamfa asalinta rini ne na tsibirin Jaba a Indunusiya, wanda Turawan Holan suka kwaikwaya da inji. A shekarar 1964 wani attajiri Basine daga Hong Kong mai suna Cha Chi Ming ya kafa masaƙar UNTL a Kaduna, wadda ta ɗauki dubban ma'aikata, ta kuma riƙa sayen audugar manoman Arewa. A 2007 masaƙar ta rufe. Rashin wutar lantarki na cikin dalilai, haka ma atamfa mai araha da ke kwararowa daga ƙasar Sin. Wato Basine ne ya kafa, kayan 'yan'uwansa kuma suka taimaka wajen kayarwa. A 2015 marinan Kano sun yi zanga-zanga a kan rinannun kayan Sin da suka ce suna kashe musu sana'a. Lefen yau, wanda ake kira lehe a karin harshen wannan yanki, ba ya rasa atamfa irin su Hitarget, da shaddar Sin da aka yi ta a kamannin Getzner ta ƙasar Ostiriya. Wasu kayan daga Kantin Kwari na Kano ake saro su, wasu kuma ta tashar jiragen ruwa ta Kwatano suke sauka.

Bugu da ƙari, masana'antun Sin sun karanci mai sayensu har a wajen addini. Kasuwar birnin Yiwu, wadda aka buɗe a 1982, tana fitar da carbi da darduma da agogon kiran salla zuwa ƙasashen Musulmi, alhali yawancin masu yin su ba Musulmi ba ne. Irin waɗannan kaya ma sukan shiga akwatin lefe.

Ba za a yi adalci ba idan aka ce wannan sauyi asara ce zalla. Talakan da a da ba zai iya haɗa wa ɗiyarsa ɗaki ba sai ya sayar da akuya ko ya ci bashi, yau yana iya fita kunya da kuɗi kaɗan. Gaskiya ne kalmar "ɗan Caina" ta zama habaici ga duk abin da ba ya ƙarko, mata kuma kan ce araha ba ta ado. Amma laifin ba na maƙeri ba ne shi kaɗai, domin ɗan kasuwar da ya je Guangzhou shi ke faɗin farashin da yake so a yi masa kaya a kai, iya kuɗinka iya shagalinka. Sai dai kuma arahar ta zo da nata nauyi. Tunda kaya sun yi sauƙi, sai adadin da ake sa ran gani a ɗaki ya ƙaru, yayi kuma ya riƙa sauyawa kusan kowace shekara. Uwar da ta fara tara kwanuka tun ɗiyarta na goye tana iya tarar da an daina yayinsu kafin ranar buki.

Waɗanda suka fi ji a jikinsu su ne masu sana'ar hannu. Kuɗin da a da ke zagayawa tsakanin manomin duma da masassaƙi da masaƙi da marini, yanzu mafi yawansa yana bin hanyar Kano ko Kwatano ya fice. Akushi ya kusa zama kayan tarihi. Ƙwarya ce dai ta ƙi fita, saboda akwai wuraren da roba ba ta iya maye gurbinta: da ita ake dama fura, a cikinta Fulani ke kawo nono kasuwa, ita kuma mata ke kifawa a kan ruwa su kaɗa a ranar buki. Shi kuwa gyartai, aikinsa ya ragu ƙwarai, har wasu daga cikin masu wannan sana'a sun koma liƙin bokitin roba da baho.