Ciwon Dajin Fankiriyas: Inda Za a Nemi Sani da Taimako

Ya kai mai gida, da ke uwargida, ga bayani a kan wani ciwo mai ɓoye kansa. Ku karanta, sa'an nan ku karanta wa maƙwabtanku.

Mene ne fankiriyas?

Wata 'yar tsoka ce mai tsawon kamar taƙi guda, tana kwance bayan tumbi. Likitoci su ne su ke kiranta da wannan suna. Aikinta biyu. Tana zuba ruwan da ke narkar da abinci cikin hanji, kuma tana yin insulin, watau abin da ke daidaita sukarin jini. Da ya ke tana can ƙurya, in daji ya kama ta hannu ba ya jinsa, ido ba ya ganinsa, sai ya yi nisa. Ya fi kama waɗanda su ka haura shekara 60, da masu shan taba, da masu ƙiba ƙwarai.

Alamomin da za ka lura da su

1. Shawara: ido ya yi rawaya, fitsari ya yi ja kamar shayi, bayan gida ya yi fari, jiki yana ƙaiƙayi.
2. Ciwo a saman ciki mai ratsawa har gadon baya.
3. Rama ba dalili, da ƙin abinci.
4. Ciwon sukari da ya ɓullo wa dattijo farat ɗaya.

Dalilin shawarar shi ne, hanyar da maɗaci ke bi daga hanta zuwa hanji ta ratsa ta kan fankiriyas. In ƙari ya matse ta, sai maɗacin ya koma cikin jini. Saboda haka jiƙo da sassaƙe ba za su buɗe ta ba. Ba kowace shawara ce daji ba, sau da yawa ciwon hanta ne. Amma likita kaɗai ke iya rarrabewa, da awon jini da hoton ciki.

Ina za ka nufa?

Fara zuwa disfensare mafi kusa, ko asibitin Rogo ko na Ƙaraye. In an ga alama, za a ba ka takarda zuwa babban asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, Zariya. Riƙe takardunka duka cikin leda guda. Tafi da ɗan'uwa mai karatu, domin ya rubuta abin da likita ya faɗa. In kuɗi sun gaza, tambayi ofishin jin daɗin marasa lafiya na asibitin, kada ka ji kunya.

In an gano ciwon da wuri, a kan yi aiki a cire shi. Wani likitan Amurka, Allen Whipple, shi ya bayyana hanyar aikin a 1935. Amma yawancin mutane su kan zo bayan lokacin aiki ya wuce. Ko a hakan ma akwai taimako. A kan sa ɗan bututu a buɗe hanyar maɗaci, ƙaiƙayi ya lafa. Akwai alluran rage ƙarfin ciwon, akwai kuma mofin mai kashe zafi. Roƙi likita ya rubuta, kada a bar mutum yana kwana da nishi.

Sani ta wayar hannu

Yau kusan kowane gida akwai mai waya. Hukumar Lafiya ta Duniya, da ƙungiyoyi irin su Pancreatic Cancer UK ta Ingila, sun zuba bayani kyauta a intanet, a kan abinci da magani da jinya. Da Turanci ya ke, sai ka sa ɗan makaranta ya fassara maka, sa'an nan ka kawo wa malamin asibiti ya duba, domin ba duk abin da a ke yi a Ingila a ke samu a nan ba. Amma fa ka yi hattara. Duk wanda ya aiko da murya ko bidiyo yana cewa zai warkar da daji cikin kwana bakwai in ka tura kuɗi, ɓarawo ne. Kada ka sayar da gona ko shanun huɗa saboda shi.

Jinya a gida

Ciwon nan ba a ɗaukarsa. Ba sammu ba ne, ba maita ba ce. Ku ci tare da mara lafiya, ku zauna kusa da shi. A ba shi abinci kaɗan-kaɗan sau da yawa, kamar kunu da fate da romo. A ba shi maganin zafi kan lokaci, ba sai ya yi kuka ba. In ya kwanta, a riƙa juya shi kowace awa biyu don kada baya ya yi gyambo. Kada a bar wa mace guda jinya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, a yi karɓa-karɓa, 'yan'uwa na birni kuma su aiko da nasu gudummawar.

To, jama'a, ku bar taba tun yau. In idon dattijo ya yi rawaya, a kai shi asibiti cikin makon nan, kada a jira sai an gama girbi. Allah ya ba mu lafiya, amin.